Wasiƙa daga Kigali: asibiti, makaranta da kasuwa

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali baki ɗaya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni abin da ya zaunar da ni shekara uku a Ruwanda, ƙasar da ba ta da fetur, ba ta da teku, kuma ba ta fi jihar Kano faɗi da wani abin kirki ba. Layi ya katse ban ba ka amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da kasuwa, tunda nan ne fagenka. In dai maganar kaya ce, Kantin Kwari da Singa da Dawanau sun yi wa Kigali nisa. A kasuwar Kimironko wake da dankalin Turawa da ayaba da piya suna da araha, madara ma haka, har shaguna gare ta inda ake zama a sha. Amma duk abin da aka shigo da shi daga waje wuta yake, domin sai ya sauka a Darussalam ko Mombasa, sannan tirela ta yi kwanaki tana hawa duwatsu da shi. Atamfa, man girki, kayan gyaran mota, duk za ka ji kuɗinsu a jikinka. Haya ita ke cinye mini kusan rabin albashi. Leda kuwa an hana ta tun 2008, a takarda ake ƙunshe maka saye. Nama muna samu a Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, garin masarar da suke kira kawunga kuma da shi maman yara take tuƙa mana tuwo.

To, ba kasuwa ce ta zaunar da ni ba. Asibiti ne.

Maƙwabcina ɗan acaɓa ne, ɗaki biyu yake haya da 'ya'ya uku. Watannin baya naƙuda ta kama matarsa da dare, ni na kai su cibiyar lafiya ta unguwa. Wallahi Yaya, tun a hanya nake lissafin abin da ke aljihuna, domin jikina ya saba: kati, safar hannu, auduga, ruwan ƙari, allura. Da muka isa sai aka tambayi lambar katin shaidarta, aka duba a kwamfuta, aka shige da ita. Ba wanda ya miƙo mana takardar sayayya. Washegari da azahar ta dawo gida da jaririnta.

Sirrin abin shi ne inshorar da suke kira Mituweli. Kowane gida yana biya wa mutanensa sau ɗaya a shekara. Lokacin da na zo, faran (kuɗin ƙasar) 3,000 ne a kan kowane mutum ga mafi yawan jama'a, kuɗin da bai kai na kaza ɗaya ba, marasa ƙarfi kuma gwamnati ke biya musu. In ka je ƙaramar cibiya ka ba da faran 200, in aka tura ka babban asibiti ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin. Sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar suna ciki. Shekarar tana farawa ne a watan Yuli, don haka tun kafin lokacin za ka ga mata suna zuba adashi na musamman saboda ita, kamar yadda namu suke zubi don kayan ɗaki. Ta waya ake biya.

A daren nan ban yi barci ba. Ba sai na tuna maka daren da ƙanwarmu ta rasu ba, kai ka riƙe mini fitilar waya muna bin unguwa muna tada mutane, ko za a samu mai irin jininta. Leda biyu kawai ake nema. Kafin mu haɗa kuɗin gwaji da na leda, rai ya yi halinsa. Na yarda kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙanta. Amma na kasa daina tunanin cewa a nan mai haihuwa ba ta jiran dangi su nemo jini. Tun 2016 kamfanin Zipline yake kai jini asibitocin karkara da ƙananan jirage marasa matuƙi, daga wata tasha a Muhanga. Ma'aikaci ya tura saƙo, jirgi ya tashi, ya saki kwali da 'yar lema a harabar asibiti ya juya. Kamfanin ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022, saboda haka ba wani abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Sai dai jirgi ba ya ƙirƙirar jini. Abin da ya sa yake da abin ɗauka shi ne mutane suna ba da jini kyauta a makarantu da wuraren taro, ana tara shi a ajiye kafin buƙata ta taso.

Abin da ya fi jirgin burge ni ma mutane ne. Kowace ƙaramar unguwa tana da masu ba da shawarar lafiya, abajyanama b'ubuzima, waɗanda jama'ar wurin suka zaɓa da kansu. Ba likitoci ba ne, manoma ne da 'yan tireda da matan aure da aka horar. Akwai mai kula da masu ciki, ta san kowace mace da watan cikinta, in ta ƙi zuwa awo ta bi ta har gida. Akwai masu duba yara, su yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ƙofar ɗaki su ba da magani nan take. Ni da nake baƙo ma sun ƙwanƙwasa mini ƙofa, suka auna damtsen autana, suka nemi ganin katin rigakafinsa. Sakamakon a fili yake: binciken lafiya na ƙasa na 2020 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na mata a asibiti suke haihuwa. Namu binciken na 2018 ya ce kashi 39 a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ko ɗaya cikin biyar ba a kai ba. Matan da ke mutuwa wajen haihuwa a nan sun sauko daga 1,071 cikin kowace haihuwa 100,000 a shekarar 2000 zuwa 203 a 2020. Wannan ƙasa ce da aka yi wa kisan kiyashi a 1994, likitocinta da malamanta suka mutu ko suka gudu.

Mu ma mun san wannan aiki. Matan da suka riƙa shiga gida-gida lokacin yaƙi da shan inna su suka kai mu ga 2020, da aka ce cutar ta bar Najeriya. Da a ce an riƙe su an ɗora musu awon ciki da zazzaɓi da tamowa, ana biyansu a kan kari, da mashaƙon da ya ci yara a Kano a 2023 bai yi mana irin ɓarnar nan ba.

Kada ka ɗauka aljanna nake ba ka labari. Layi a cibiyar lafiya yana iya cinye maka yini. Sau da yawa a rubuta magani a ce babu, sai ka je kemis ka saya da kuɗinka, Mituweli ba ta san da wannan ba. Ƙwararrun likitoci sun yi kaɗan, masu hali Nairobi ko Indiya suke tafiya kamar namu. Dole ne a biya wa kowa da kowa a gida, mai 'ya'ya bakwai kuwa ya san wannan nauyi ne. Masu unguwa suna matsa wa wanda bai biya ba lamba ƙwarai. A binciken 2020, yaro ɗaya cikin uku bai kai tsawon shekarunsa ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Sannan mutanen nan ba sa sakin baki a kan gwamnati yadda muke yi a majalisar mai shayi, kuma wannan yana damuna.

Makaranta kuma, tunda ita ce sana'ata. Tun 2021 ana ciyar da yara abincin rana a makarantun gwamnati, wake da tuwon masara ko shinkafa. A 2022 aka ƙayyade wa iyayen 'yan firamare faran 975 a zango, aka kuma ƙara wa malaman firamare albashi, wasu har kashi 88 cikin 100. Da hantsi da wuya ka ga yaro yana yawo da kwano ko tire a titi, in an gan shi za a bi sawun iyayensa. Duk ranar da na wuce na ji ƙarar cokula a aji, sai in tuna yaran da ke bin motoci a danja a gida, zuciyata ta ƙi daɗi. Namu shirin ciyarwar na tarayya da aka fara a 2016, ka fi ni sanin yadda yake yi yana tsayawa.

Sai dai karatun kansa yana da rauni, kuma dalilin zai yi maka kama da na gida. A 2008 aka sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi, a ƙarshen 2019 aka ce tun daga aji ɗaya da Ingilishi za a koyar. Ƙasar nan harshe ɗaya gare ta, Kinyarwanda, kowa yana ji. Amma yaro ɗan shekara shida zai zauna cikin yara sittin, malami yana fama da Turancin da shi ma bai gama iyawa ba. Irin waɗannan yaran suna zuwa hannuna a sakandare, sun haddace ma'ana, ba su gane ta ba. Abin da ake yi wa ɗan Bahaushe ke nan, kuma a ganina kuskure ne a can, kuskure ne a nan.

A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Namu na tarayya har yau a wajen kashi 5 yake yawo, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani kuma daga aljihun mara lafiya yake fita. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, amma tambayi mutanen layinmu ko mutum nawa suka ji labarinta.

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, ka daure ka je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayo yadda ake yi wa wanda ba ma'aikacin gwamnati ba rajista, da nawa ne a shekara, da asibitin da za a haɗa shi da shi. A fara da Inna da marayun marigayiya, ni zan turo kuɗin ƙarshen wata. In an samu mai tahowa ta Abuja, a sako mana kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, namu sun ƙare tun bayan Sallah. Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.

Wassalam, ƙaninka.