Wata biyar da shafa wa motata siramik

Duk wanda ya sayi baƙar mota a Kano ya sayo wa kansa aiki. Tawa Honda Accord ce ta 2008, wadda dillalai ke kira Anaconda, 'yar Kwatano, shekara shida ke nan tana hannuna. Da sassafe ko bayan magariba ba ta da makusa. Rana na take tsaka sai asirinta ya tonu: siraran zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo a bonet da ƙofofi, baƙin ya koma toka-toka. Na sha sayen man folish na gwangwani ina shafawa ranar Asabar, bayan kwana goma a koma gidan jiya.

Cikin Oktoba, da ruwa ya ɗauke, na kai ta wani waje da ke goge fenti da shafa siramik, wani ruwa da ke bushewa ya zama siririn rufi mai tauri a kan fenti. Da gangan na ƙi yin rubutun nan a lokacin, don ranar da aka miƙo maka makulli kowace mota amarya ce. Sai da na bari ta sha hunturu tukuna.

Maigidan wajen bai taɓo maganar kuɗi ba sai da ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai waya ba, yana bin jikin motar yana dangwalawa. Kaurin fenti take aunawa da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Bonet da rufi suna ba da 110 zuwa 130. Yana zuwa ƙofar baya ta dama lambar ta haura 600. Ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, an taɓa bugun ta a nan. Akwai fila a ƙasa."

Fila shi ne abin da masu gyara ke cike lotsawar mota da shi kafin su yi fenti. Na ce wallahi ba a hannuna ba. Ya yi murmushi ya ce to kafin ta zo hannunka ne. Shekara shida yara na shiga suna fita ta ƙofar nan ban sani ba.

A tsaye a wurin ya yi min karatun da ya fi komai amfani a gare ni. Fentin mota hawa uku ne: firaima, kala, sai kiliya a sama, ita ce mai sheƙin, kuma ba ta kai kaurin silin gashi ba. Zanen nan duk a jikinta yake. Man gwangwanina cike shi kawai yake yi, wanki biyu ya fita. Injin gogewa kuwa kankare kiliyar yake har ta yi daidai da zurfin zanen, abin da aka kankare kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa ba a goge mota duk shekara. Ya sa farce a wani karce da ke kan but, farcen ya maƙale, ya ce wannan ya yi zurfi, ba zai bi shi ba, sai dai mai fenti. Wannan gaskiyar ce ta sa na bar masa motar.

Na leƙa a rana ta biyu. Sun riga sun wanke ta da kumfa, sun bi ta da wani abu kamar danƙo da ke tsince dattin da ya kama jikin fenti. Wani yaro ya nuna min guntunsa, ya koma ruwan ƙasa, a motar da nake rantsuwa a wanke take. Sun raba bonet biyu da salatif, sun goge ɓari ɗaya. Da aka haska tocila, nan gizo-gizo, can baƙi wuluk har ina ƙirga kwanon rufin shagon a ciki. Siramik ɗin kansa 'yar kwalba ce kamar ta turare, ana ɗiga shi a ƙyalle a shafa, a ɗan jira, a goge. Sharaɗi: kar ruwa ya taɓa ta kwana ɗaya, kar sabulu ya taɓa ta mako guda.

Ba a rasa nono a ruga. Kwana biyu suka ce, sai da ta yi huɗu. Farin garin man gogewa ya maƙale a robar gilashi da kewayen tambarin gaba, ni na zauna da tsohon buroshin haƙori na fitar. Bayan mako kuma na ga wani duhu kamar tabon mai a gefen baya, inda ba su goge siramik da kyau ba ya bushe a haka. Sun gyara ba su karɓi ko sisi ba, amma na sake wuni a Adaidaita.

Abin da ya fi ɓata min rai bakin yaron shagon ne, da ya ce min ko makulli ba zai karce ta ba tunda kwalbar 9H ce. Wannan 9H ma'aunin taurin fensir ne, abin da aka shafa kuma maikuron ɗaya ne ko biyu. A hanyar Zariya wata tifa ta watso min tsakuwa, ta ɓantare bonet kamar ƙwayar gero.

Da hazo ya sauko ƙura ta ci gaba da kwanciya a kanta kamar kowace mota a layinmu. Bambancin a wajen fita ne. Ana watsa ruwa sai ya dunƙule ya gangara da ita, kashin tsuntsun da na kwaso a gindin darbejiya ma bai yi gardama ba. Amma ruwan burtsatsenmu in ya bushe a rana yana barin farin ɗigo mai taurin kai, dole a tsane ta nan take a inuwa. Sannan wata rana maigadin ofis, don kyautatawa, ya bi ta da busasshen tsumma. Na ce, "Baba, na gode, amma don Allah a bar ta da ƙurarta." Siraran zanen da ya bari suna nan a kan but.

Kuɗin ya kai na sababbin tayoyi biyu masu kyau. Na gogewa ban yi da-na-saninsa ba ko kaɗan. Na siramik kuwa sai ga wanda zai wanke motarsa da hannunsa ko ya tsaya a kan mai wanki. In bakin titi za ka riƙa miƙa ta, inda soso ɗaya ke bin taya ya hau bonet da ruwan omo, a goge maka a sa man folish, ka riƙe canjinka. Mai farar mota ko ruwan azurfa ma bai cika buƙata ba, zanen ba ya nunawa sosai.

Yanzu da kayana nake zuwa wajen wanki: sabulun mota, tawul mai laushi uku, bokitin kumfa da bokitin ɗauraye soso. Yaran sun sa min suna Alhaji mai bokiti biyu. Ɓantarewar bonet kuwa har yau ina neman mai fentin da zai ɗiga mata kala ba tare da ya ce sai an fesa bonet ɗin gaba ɗaya ba.