Manga ko komik ɗin Amurka: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli Spider-Man: Into the Spider-Verse ya burge ka, yanzu kana so ka fara karanta littattafan zane, amma ka rasa ko ka kama na kamfanonin Amurka, Marvel da DC, ko kuwa mangar Japan. Shawarata ita ce ka fara da manga, kuma ga dalilaina.

A zahiri bambancinsu a fili yake. Komik ɗin Amurka mai kala ne, yakan fito wata-wata, shafin labari ashirin da 'yan kai. Manga galibi fari da baƙi ce, kuma fitattun da ka fi jin sunansu suna fitowa ne mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, daga baya a tattara babi-babi a buga juzu'i mai shafi kusan 200. Ana karanta shafinta daga dama zuwa hagu, kamar yadda muka saba a allo da littattafan ajami, don haka kai wannan ba zai ba ka wuya ba.

Babban abin da ya raba su shi ne wa ke da labarin. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Spider-Man kuma Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi a 1962. Dukkansu yau mallakin kamfani ne. Kamfani ke ɗaukar marubuci, ya ɗauki mai zane, wani ya bi da tawada, wani ya sa kala, wani ya rubuta maganganu. In marubuci ya yi shekara uku ko biyar ya tafi, wani ya zo ya ɗora daga inda ya ga dama. Kuma kamfani ba zai yarda jarumin da ke kawo masa kuɗi ya tsufa ko ya mutu mutuwar dindindin ba. An kashe Superman a 1992, mutane suka yi layi suna saye, a 1993 ya dawo. Peter Parker, wato Spider-Man na asali, ya auri Mary Jane a 1987, masu karatu suka shekara ashirin suna bin zamansu, sai a 2007 aka rubuta labarin da ya goge auren kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Wannan ya ɓata wa mutane da yawa rai, ni ma har yau ina ganin rashin adalci ne ga wanda ya ba da lokacinsa da kuɗinsa. Ga kuma ruɗanin lamba: The Amazing Spider-Man ya kai fitowa ta 900 a 2022, amma an sha mayar da ƙirgen zuwa lamba 1, ta yadda sabon shiga ba zai gane wace lamba 1 ake nufi ba. DC ma, mai Superman da Batman, ta sake shimfiɗa tarihin jarumanta a 1985 zuwa 1986, ta kuma maimaita a 2011.

A manga, mai labari shi ne mai zane a mafi yawan lokuta, da 'yan mataimakansa da edita guda. Shi ya fara, shi zai rufe. Naruto na Masashi Kishimoto ya fara a 1999 ya ƙare a 2014 da babi 700. Tunda jarumai masu baiwa kake so, wanda ya dace da kai shi ne My Hero Academia na Kohei Horikoshi, wanda ya fara a 2014 ya kammala a 2024, babi 430, juzu'i 42. Labarin wani yaro ne, Izuku Midoriya, da aka haifa ba baiwa a duniyar da kusan kashi 80 cikin ɗari na mutane ke da ita, har babban jarumin ƙasar, All Might, ya gadar masa da tasa. Horikoshi masoyin komik ɗin Amurka ne, za ka ga hakan a yadda yake zana All Might da inuwa mai kauri. Ka buɗe babi na 1, ka bi har ƙarshe, ba wanda zai ce sai ka nemo wani littafi daban kafin ka gane abin da ke faruwa. Wanda ya ji rauni yana ɗauke da tabonsa har ƙarshen labari, shi ya sa faɗan ke taɓa zuciya.

Kada ka ɗauka na yar da na Amurka. Wannan shigar hannu da yawa ita ce ta haifi fim ɗin da ya jawo ka. Miles Morales, jarumin fim ɗin, bai wanzu ba sai 2011, lokacin da Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka ƙirƙiro shi, shekara kusan hamsin bayan Peter Parker. Da a ce Spider-Man na mutum ɗaya ne da ya rufe labarinsa, da babu Miles, da babu fim ɗin da ya ci Oscar a 2019. Kuma akwai gajerun ayyuka masu cin gashin kansu da ba sa buƙatar ka san tarihi. Batman: Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli, na 1987, fitowa huɗu ce kacal. All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely fitowa 12 ne, kuma a ganina ba a taɓa nuna tausayin Superman kamar a nan ba. Ta irin wannan ƙofa ya kamata ka shiga, ba ta abin da ke fitowa a wannan watan ba.

Manga ma tana da nata ciwon. Tsawo yana iya gajiyarwa: One Piece na Eiichiro Oda tun 1997 ake yi, ya haura babi 1000 a 2021. Sannan zana shafi goma sha tara kowane mako aiki ne mai cin lafiya. Hunter x Hunter ya sha tsayawa na tsawon lokaci saboda ciwon bayan mai shi, Yoshihiro Togashi, kuma in mai labari ya kwanta, galibi babu wanda zai karɓa.

Ta fuskar aljihu kuwa manga ta fi sauƙi. Manhajar Manga Plus ta Shueisha, wadda aka buɗe a 2019, tana ba da babi uku na farko kyauta, da uku na baya-bayan nan ga labaran da ake kan bugawa, da Turanci, wasu ma da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar. Halal ne, daga masu abin kai tsaye. Marvel Unlimited kuwa, manhajar karanta komik ɗin Marvel, sai ka biya kuɗin wata.

In ka gama My Hero Academia kana son ɗanɗanon Amurka mai farko da ƙarshe, nemi Invincible na Robert Kirkman, wanda Image Comics ta buga daga 2003 zuwa 2018, fitowa 144, marubuci ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Sai dai akwai zubar da jini sosai a ciki, haka ma katun ɗinsa da Prime Video ta fara nunawa a 2021. Na manya ne, kada ka kunna wa yara don ka ga zane ne.