Kayan kare yara a gida: waɗanda suka yi mini aiki da waɗanda na cire

Irin kwalin nan ne da ake haɗa abubuwa da yawa a ciki a rubuta masa "kayan kare yara a gida". Na saye shi lokacin da ɗiyata ta fara rarrafe. Yanzu tana gudu, tana jan kujera ta hau, don haka kayan sun sha gwaji a hannun wadda aka yi su dominta. A ciki akwai makullan kabad masu aiki da maganaɗisu, da wasu makullan na roba da ake mannawa daga waje, da murafen soket, da robobin kusurwar tebur, sai ɗamarar ɗaure kayan ɗaki da bango.

Ɗamarar nan ita ce a can ƙasan kwali, ko hotonta ba a sa a jiki ba, amma a ganina ita ta fi komai amfani. Yaro idan ya ga abin da yake so a saman durowa, jawo aljihunan yake yi ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su matakala. Da zarar aljihunan sun fito, nauyin durowar ya koma gaba, nauyin yaron kuma ya ƙarasa ta. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu sun faɗo sun danne yara har lahira, kuma tun 2023 doka a can ta wajabta a gwada tsayuwar irin waɗannan kayan kafin a sayar. Durowar da ke ɗakin yawancinmu ba wanda ya taɓa yi mata wannan gwajin.

Ita ɗamarar tana da ƙarfi, ba ni da ƙorafi a kanta. Sukurorin da aka haɗo ta da su ne suka yi gajarta. Kafintan da na kira yana ɗaukar ɗaya ya juya shi a hannu ya ce, "Hajiya, wannan iyakarsa filasta, ba zai kai bulo ba." Ya kawo dogaye nasa, ya huda bango, ya cusa robar da ke riƙe sukuru, sannan ya ɗaura. Ya kuma ƙi kafa ɗaya ƙarshen a jikin siririn katakon bayan durowa, ya ce wannan da hannu ma ana ɓalle shi, sai ya nemi katako mai kauri na sama. Da ya gama ya jawo aljihunan duka waje, ya dafa na sama ya saki nauyinsa. Durowar ta ɗan sunkuyo, ɗamarar ta miƙe, ta tsaya cak. Duk wadda za ta sa wannan abu, ta sa a yi mata wannan gwajin a gabanta. Haka aka yi wa talabijin da kantar littattafai.

Makullan maganaɗisu su ma sun burge ni. A cikin kabad ake manna su, daga waje ba a ganin komai. Sai ka ɗora ɗan mabuɗin a daidai wurin, ka ji "ƙas", ƙofa ta buɗe. Ɗiyata ta ja ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta sake ja da hannu biyu, ta leƙa gefe tana neman abin da za ta taɓa, ba ta ga komai ba, ta tafi sabgarta. Na roban da ake mannawa daga waje kuwa, ido kawai ta zuba wa yayanta yana danna maɓallin, ba a jima ba ta iya. Har yanzu akwai ɗaya a jikin firij, amma ba na lissafa shi cikin abin da ke tsare ta.

Gam ɗin makullan yana son a goge wurin ya bushe sarai, a manna, a bar shi yini da kwana kafin a fara ja. Inda akwai danshi ba ya daɗewa, can sai sukuru. Idan ƙofar kabad ta cika kauri, maganaɗisun ba ya ratsawa sosai. Abin da ya fi damuna shi ne mabuɗin kansa. Ƙarami ne, kuma maganaɗisu mai ƙarfi ne a cikinsa. Yaro idan ya haɗiyi irin wannan guda biyu, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, suna iya jan juna ta tsakanin naɗin hanji, su matse naman har ya huje. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba. Mabuɗina yana can sama inda ni ma sai na miƙa hannu, kuma nakan duba ko robarsa ta tsage.

Wasu za su ce ai kwalaben magani suna da murfin da yaro ba ya iya buɗewa, me ya kawo makulli? Murfin nan jinkirtawa yake yi, ba hanawa ba. Dokar da ta kawo shi a Amurka tun 1970 take, kuma ƙa'idar gwajin ita ce kashi 85 cikin ɗari na yaran da aka ba su kasa buɗewa a minti biyar na farko, sannan kashi 80 su kasa ko bayan an nuna musu yadda ake yi. Ke nan murfi zai iya cin jarrabawa alhali yaro ɗaya cikin biyar ya buɗe shi. Shi ya sa magunguna duka suka koma bayan makulli, musamman ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, waɗanda suke kama da alawa kuma kaɗan daga cikinsu kan yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Haka bilic, da maganin ƙwari, da kalanzir. Makulli ba zai yi maganin juye kalanzir a gorar abin sha ba, wannan sai dai a daina. Idan kuma yaro ya sha, kada a sa shi amai, don a wajen dawowa ne yake shiga huhu. Asibiti za a nufa.

Murafen soket na cire su gaba ɗaya, kuma ina so a fahimci dalili. Soket mai rami uku masu kusurwa, irin tsarin Birtaniya, an ƙera shi da 'yan ƙofofi a ciki da ke rufe ramuka biyun da wuta take. Ba sa buɗewa sai dogon ƙarfen filogi ya shiga ramin sama. Murfin roba kuwa yana da nasa dogon haƙorin. Yaro idan ya zare shi ya juya shi ya cusa haƙorin a ramin sama, ya buɗe ƙofofin da hannunsa, wuta tana fili. Saboda haka ne a 2016 ma'aikatar lafiya ta Birtaniya ta ba da umarnin a cire irin waɗannan murafe daga asibitocinta. Ki ɗauki tocila ki haska soket ɗinki: idan kin ga ramukan ƙasa a toshe daga ciki, yana da kariyarsa. Idan a buɗe suke ko soket ɗin ya fashe, mai gyaran wuta za a kira ya canza shi.

Robobin kusurwar tebur ba su yi ƙarko ba. Wata rana na ga kumatunta ya cika, na sa yatsa na zaro ɗaya, ta ɓanɓaro shi daga tebur, gam ɗin ya yi laushi da yawu. Masu gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara uku suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya shaƙe yaro. A gida ana kwatantawa da kwalin tsakiyar takardar banɗaki. Robar nan ta shige ba tare da ta taɓa gefe ba. Ƙullutu a goshi ya fi mini sauƙi a kan abu a maƙogwaro. Na kwashe su, teburin gilashin kuma na kai shi wani ɗaki.

Babban abin da na riƙe wa masu haɗa kwalin shi ne abin da ba su ambata ba ko a layi ɗaya: batir ɗin nan zagayayye mai kama da kwabo. Yana cikin ƙaramin rimot, da makullin mota, da sikelin awo, da agogo, da ma'aunin zafin jiki, da kayan wasa masu waƙa da walƙiya. Mafi haɗari shi ne mai faɗin milimita 20, irin wanda ake rubuta wa CR2032, don daidai yake da ya maƙale a hanyar abincin ƙaramin yaro. Ba sai ya fashe ba. Da zarar yawu ya jiƙa shi, wutarsa na haifar da sinadari mai cin nama, cikin awa biyu ya fara ƙona wurin, yana iya hudawa har ya kai ga babbar jijiyar jini. Wanda ya "mutu" a rimot ma yana da sauran wutar da za ta yi ɓarna. Abin tashin hankalin shi ne yaron na iya ci gaba da numfashi lafiya, sai ɗan tari, da dalalar yawu, da ƙin cin abinci, a ɗauka mura ce. A 2022 Amurka ta yi doka a kan wannan, aka sa mata sunan wata yarinya 'yar wata 18 da ta rasu bayan ta haɗiyi batirin rimot. Ostareliya ma a shekarar ta fara tilasta a riƙa kulle mazaunin batir a kayan da ake sayarwa.

Na bi gidan ɗaki-ɗaki ina juya kowane abu mai batir. Wanda murfinsa ke da sukuru na ƙara ɗaure shi. Wanda ake zarewa da farce na naɗe shi da salatif mai ƙarfi na ɗaga shi sama. Kayan wasa masu araha da murfinsu ke buɗewa da an yar da su ƙasa kuwa, fitar da su na yi daga gidan.

Idan ana zargin yaro ya haɗiyi batir, ba a jiran alama, ba a sa shi amai, asibiti za a tafi nan take a ce a ɗauki hoton ƙirji. Cibiyar ba da shawara kan guba ta birnin Washinton ta ce idan yaron ya cika shekara ɗaya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma, har sau shida, a kan hanyar zuwa asibiti, don tana rage ƙunar. Ba a tsayawa neman zuma idan babu ita a kusa, kuma jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma sam. Wannan bayanin na rubuta shi da manyan baƙaƙe na liƙa a cikin ƙofar kabad ɗin magunguna, na karanta wa duk wanda nake bar wa yaran.