Kifi tara muka kama a tafkin Fork, ko ɗaya bai zo gida ba

Kawuna ya zo Dalas bayan ƙaramar salla don ganin jikoki, kuma kafin ya cika kwana goma zaman ɗaka ya ishe shi. Mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Neja ya tashi cikin Sarkawa, ko da yake shi koyarwa ya yi har ya ajiye aiki. Na kai shi manyan kantuna bai ce uffan ba. Na kai shi kallon dogayen benaye ya ce ai ya gani a talabijin. Wata rana muna cikin mota muka hau gadar wani tafki, sai ya gyara zama ya ce, "Ashe kuna da ruwa?" Daren nan na fara cigiyar wanda zai fita da mu kamun kifi.

Abokan aikina duk bakinsu ya zo ɗaya, suka ce tafkin Fork, gabas da Dalas, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. A nan Amurka akwai mutanen da sana'arsu ke nan: suna da jirgi da kayan fatsa, ka biya su su yini da kai a ruwa suna nuna maka inda kifi yake. Wanda na samu ya caje mu dala 500 mu biyu na yini guda, na tura 100 kafin alƙalami. Jirgi da mai da sanduna da koto duk nasa ne. Abinci namu ne, haka ma lasisin kamun kifi, wanda dokar Teksas ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 17. A waya na saya mana na kwana ɗaya, na Kawu ya fi nawa tsada saboda shi baƙo ne. Da na gaya masa sai da takarda ake jefa ƙugiya a ruwa, ya ce to ai can ma ba a shiga ruwan mutane sai da sanin sarkin ruwa.

Ƙarfe huɗu na dare muka bar gida, muka bi ta Greenville, muka yi sallar asuba a gefen wani gidan mai kafin Emory. Shida da rabi mun iske mutumin ya riga ya sauke jirgi. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya ba mu rigunan kariya ya ce mu riƙe huluna. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Da ya taka injin nan, iskar farkon Afrilu ta doki fuskata har hawaye suka zubo, hular Kawu kuwa sai dai wata. Wanda zai je, ya sa rigar sanyi ko da an ce rana za ta yi zafi, domin sanyin kan ruwa da safe daban yake.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin Kawu itatuwa ne. Ko'ina ka duba kututture ne matattu tsaye cikin ruwa, wasu sun leƙo, wasu suna ɓoye ƙasa kaɗan suna jiran cikin jirgi. Tafkin ba na asali ba ne, madatsa aka yi wa wani rafi da ke zuba a kogin Sabine, aka tare ruwan a 1980, ya mamaye fiye da eka 27,000, kuma aka bar dajin a tsaye ruwa ya cinye shi. Kawu ya ce ya san irin wannan, yana saurayi Kainji ta cika a 1968 ta haɗiye gonaki da garuruwa. Bambancin shi ne a nan tun farko an yi lissafin kifi: an zuba wani kifi da ake kira bas, irin na Filorida, wanda ya fi na gida girma, itatuwan kuma suka zame masa maɓoya. A nan na fara ganin amfanin kuɗina. Mutumin yana ratsa kututturan nan kamar mai tafiya a tsakar gidansa. Da hayar jirgi na yi na tuƙa da kaina, da yanzu wani labarin ake yi.

Shi bas ɗin, ga wanda bai san shi ba, kifi ne kore-kore mai baƙin zane a gefe, da baki wangameme. Da Kawu ya ga na farko sai ya ce, "Wannan ai ƙanin giwan ruwa ne." Ba dangi ba ne, amma a siffa da hali bai yi ƙarya ba: mafarauci ne, yana laɓewa jikin itace ko ciyawa ya afka wa ƙananan kifaye. Daga Maris zuwa Afrilu, in ruwa ya fara ɗumi, suna matsowa gaɓa su yi ƙwai. Namiji ne ke share gurbi ya tsaya gadi, macen kuma ita ce babba. Shi ya sa a wannan lokacin jagorori ba su da sarari, sai ka kama rana da wuri.

Koton da ya ba mu tanar roba ce mai launin kankana, da ɗan dalma a kanta, an cusa tsinin ƙugiyar cikin jikinta don kada ta sarƙe a itace. Kawu ya juya ta a tafin hannu, ya sunsuna, ya dube ni ya ce, "Wane sakaran kifi ne zai ci roba?" Ni kuwa tawa matsalar daban ce. Sandar da aka ba ni tana da irin ƙwarƙwaron nan da ake danne zarensa da babban yatsa, jifata ta farko zaren ya cukurkuɗe ya zama sheƙar tsuntsu. Sau uku ina yin haka. Mutumin bai nuna gajiya ba, ya warware, daga baya ya canza mini da mai sauƙi. Da tun farko ya tambaye mu ko mun taɓa riƙe irin wannan, da bai ɓata mana rabin awa ba.

Wajen ƙarfe tara abin ya faru. Muna bakin wani lungu, ruwan bai fi ƙugu ba. Kawu ya jefa tanarsa gindin wani kututture, ya bar ta ta nutse, yana jan ta a hankali. Ban ga komai ba, amma shi ya tsaya cak. Zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Kafin jagoran ya buɗe baki Kawu ya riga ya fizga, sandar ta tanƙwaru. Kifin ya yi ƙasa yana neman saiwa, ya dawo, ya fito sama gaba ɗayansa yana girgiza kai da baki buɗe, ya faɗa ruwa da ƙara. Kawu yana ta "Bismillahi, bismillahi," ƙafarsa ɗaya a kan kujera, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya. Da aka sa koma aka ɗauko shi, jagoran ya nuna masa yadda ake riƙewa: babban yatsa cikin leɓen ƙasa, ɗaya hannun ya tallafi ciki. Haƙoran ƙanana ne kamar sanfefa, har yamma yatsan Kawu a kuje yake, yana ta nuna mini.

Aka ɗora shi kan ma'auni: inci 21, nauyi laba biyar da rabi, wato kilo biyu da rabi. Na ɗauki hoto. Sai jagoran ya karɓi kifin, ya sunkuya, ya riƙe shi cikin ruwa na ɗan lokaci, ya sake shi.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, "Kai, me na yi masa?" Na ce, "Kawu, wai doka ce." Ya ce, "Dokar wa? Ba mun biya ba?"

Doka ce kuwa. A tafkin Fork duk bas da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi. Mutum na iya ɗaukar biyar a rana, waɗanda ba su wuce inci 16 ba, ko kuma ɗaya daga cikinsu ya zama ya kai 24. Dabarar ita ce a bar matsakaita su girma su zama ƙatta, kuma ta yi aiki. A nan Barry St. Clair ya kama mai laba 18.18 a watan Janairun 1992, fiye da kilo takwas, wanda har yau ba a kama wanda ya fi shi a Teksas ba, kuma abin dariya ba ma bas ya fita nema ba. A nan aka kama kifin farko na shirin ShareLunker a 1986, shirin da mai fatsa ke ba hukuma aron bas mai laba 13 zuwa sama da ransa, a kai shi cibiyar kiwon kifi da ke garin Athens na Teksas ya yi ƙwai. Garuruwan Quitman da Alba da Yantis da ke kewaye da tafkin, masauki da shagunan koto da gidajen abinci, duk da wannan kifin suke ci. Na fassara wa Kawu. Ya yi shiru, can ya ce Sarkawa ma suna da ruwan da ake hana taɓawa sai lokacinsa ya yi. Ya yarda da hikimar, amma ransa bai so ba.

Inda ni na ji haushi shi ne daga baya. Mun kama ƙanana guda uku da doka ta halatta, na ce a saka mana su a ma'ajiyar jirgi. Jagoran ya ce a jirginsa ba a kashe bas ko wane iri. Jirginsa ne, ra'ayinsa ne, ban musa ba. Amma mun yi waya sau biyu, na gaya masa dattijo zan kawo daga Najeriya wanda bai taɓa irin wannan fita ba, bai ga ya kamata ya faɗi haka ba. A wurinsa abu ne da kowa ya sani. Ni kuwa har na bar uwargida ta jajjaga kayan miya.

Abu na biyu shi ne allon nan. A gaban jirgin akwai na'urar Garmin da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa yana motsi, kamar hoton asibiti na mai juna biyu. Da rana ta take cizo ya ragu, muka koma ruwa mai zurfi, mutumin ya kafa ido kan allo kusan awa biyu, ya juya mana baya, sai dai ya ce ku jefa nan, ku jefa can. Mun kama biyu ta haka, amma ban koyi komai ba, kuma Kawu ya ce wannan ba kamun kifi ba ne, leƙen asiri ne. Safiyar da ake karanta ruwa da ido, ana duban inuwa da iska da inda ƙananan kifaye ke tsalle, ta fi mini daɗi nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba zan ce na yi asara ba. Jirgin tsaf yake, kayan masu kyau ne, bai rage mana ko minti ɗaya ba. Da azahar ta yi na ce muna son mu yi salla, bai tambayi komai ba, ya kai mu gaɓa ya jira. Kifi tara muka kama, shida na Kawu, kuma na tabbata mu kaɗai da ko uku ba za mu samu ba. Na ƙara masa dala 80 na goro, don a nan haka al'ada take, duk mai lissafin kuɗin fita ya sa da wannan.

Wanda zai je, tun a waya ya tambaya ko ana tafiya da kifi gida. In na miya kake so, ka ce a kai ka kamun tarwaɗa ko kirafi, wani ɗan kifi mai faɗi da daɗin suya, dukansu suna nan a tafkin kuma akwai jagororin da su kaɗai suke nema. Ka faɗi gaskiya in ba ka iya jifa ba. Ka kuma ce kana son a koya maka, ba a nuna maka allo kawai ba.

A hanyar dawowa muka tsaya wani kanti na sayi karfasa huɗu daskararru, don kada mu shiga gida hannu rabbana. Kawu bai ce komai ba har muka ci muka gama. Bayan isha'i na jiyo shi a falo yana aika saƙon murya zuwa Yawuri, ya riga ya tura hoton. Yana cewa, "Kilo huɗu ne, da hannuna na kama. A'a, ba mu ci ba. Sakinsa muka yi." Ya saurari amsar da aka turo, ya sake danna wayar ya ce, "Lafiyata ƙalau."