Taswirar da ta dace da darasin ƙauye, gefen gari da birni

Ɗan aji biyu ko uku na firamare ba ya gane bambancin ƙauye da birni daga layuka da sunayen tituna. Rufin gidaje yake so ya gani, da gonaki, da cunkoson kasuwa. Saboda haka tambayar farko kafin makaranta ta kashe ko sisi ita ce: manhajar taswirar da za a yi amfani da ita tana nuna hoton tauraron ɗan'adam idan babu intanet?

A nan Google Maps ke ba malamai kunya. Kyauta ce, tana cikin kusan kowace waya, kuma ana iya sauke yanki a ajiye. Amma abin da ake saukewa tituna ne da sunaye, ban da hoton sama. Da zarar sabis ya ɗauke, darasi ya tsaya. Organic Maps da OsmAnd, masu amfani da bayanan OpenStreetMap (taswirar da masu sa kai ke zanawa), suna aiki sarai ba data, sai dai zane ne, kuma ƙauyen da masu sa kai ba su zana ba zai fito fili fetal. Yaro sai ya ɗauka ba kowa a can.

Google Earth Pro na kwamfuta ya fi su dacewa da wannan aiki. Kyauta ne tun 2015, yana ajiye hotunan wuraren da aka duba har kusan gigabait 2, don haka malami zai iya buɗe wuraren a gida da dare, gobe ya nuna su a aji. Yana da ma'aunin tazara, da maɓallin tsofaffin hotuna. Wannan maɓallin shi ne gishirin darasin: a ɗauki Kano, a nuna kewayen Kasuwar Kurmi, sannan Rijiyar Zaki, sannan wani ƙauye a yankin Kura. A ja shekaru baya a kan Rijiyar Zaki, yara za su ga gonaki suna komawa filoti, filoti suna komawa gidaje.

Kuskuren da aka fi yi shi ne nuna wuraren uku daga tsayi daban-daban. Sai gidan ƙauye ya fi na birni girma a idon yaro. A tsayar da duka a tsayi ɗaya, misali kilomita 1, a zana murabba'i mai mita 200 kowane gefe, a sa su ƙirga rufi. A lura kuma da ranar da aka ɗauki hoton: na rani yana sa gona ta yi kama da fako, rufin soro kuma ya saje da ƙasa.

Batun majigi, kada a yi gaggawa. Ƙananan nan masu araha da ke iƙirarin dubban lumen (ma'aunin ƙarfin haske) a kwali ba sa ganuwa a ajin da rana ke shigowa ta taga. Ana bukatar mai kusan ANSI lumen 3,000, shi kuma yana cin wajen wat 300, wato sai da janareto ko sola mai ƙarfi. Makarantar da ba ta da wannan, ta ajiye hotunan uku daga Google Earth Pro, ta buga su masu launi a takarda A3, a lulluɓe da leda. Saiti takwas ya ishi aji mai yara 40, biyar biyar a kowane rukuni, kuma da maka mai gogewa za su iya kewaye masallaci, rijiya da tasha a kai.