Zigbee ko WirelessHART: wanne ya dace da masana'antar shinkafa?

Injiniya, ka ce kuna son sanya na'urorin auna zafi da cikar tanki a masana'antarku ta Gombe ba tare da jan waya ba, kana neman sanin wanne za ku saya tsakanin Zigbee da WirelessHART, tsare-tsare biyu na aika saƙo tsakanin na'urori ta rediyo.

Rediyonsu iri ɗaya ne. Dukansu sun ginu a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4, a zangon 2.4 GHz, gudunsu kilobit 250 a daƙiƙa. Inda suka rabu shi ne yadda na'urori ke samun damar tura saƙo.

Zigbee tasha ɗaya yake zaɓa ya zauna. Kowace na'ura sai ta kasa kunne, in ta ji shiru ta tura nata. A gida ko sito wannan ya wadatar, ga shi da araha. Amma a cikin masana'anta ƙarafa na karkatar da sigina, ga Wi-Fi ɗin ofis a zango ɗaya da shi. In tashar ta cushe, saƙo ya makara ko ya ɓata.

WirelessHART, wanda ya fito a 2007 kuma ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 62591 a 2010, don irin wannan wuri aka yi shi. An yanka lokaci gutsi-gutsi, kowane yanki milisakan 10, kowace na'ura da nata layi kamar motocin tasha. Yana kuma tsallake-tsallake tsakanin tashoshi 15, saƙon da ya faɗi a wannan sai a sake shi a waccan. Kowace na'ura tana miƙa saƙon maƙwabciyarta, don haka hanya ɗaya ta toshe, akwai wata. Matsalarsa kuɗi: da dala ake sayo shi, kuma dole sai da babbar na'urar da ke tsara layin.

Dillali zai iya kawo maka wani tsarin mai kama da shi, ISA100.11a, wato IEC 62734, wanda kamfanonin Honeywell da Yokogawa suka fi tallatawa, yayin da kamfanin Emerson ke bayan WirelessHART. Shi ma mai kyau ne, sai dai shi da WirelessHART ba sa jin yaren juna, kada ka haɗa su.

Ni dai in nawa ne, Zigbee zan sa a rumbun ajiya don lura da danshi, in kai WirelessHART wajen tukunyar turara da tankuna. Abin kashe tukunya na gaggawa kuwa, ranka ya daɗe, a ja masa waya.