Fulat a bene ko gidan ƙasa: abin dubawa kafin ka biya kuɗi a Kaduna

Dogayen benayen da ke kan titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon yawancinsu ofisoshi ne da bankuna. Don haka idan dillali ya ce yana da fulat a tsakiyar gari, galibi bene mai hawa uku ko huɗu yake nufi, a Unguwar Rimi, Malali ko Unguwar Sarki. Shi za ka auna da gidan ƙasa a Barnawa ko Rigasa, ko kuma fili a Millennium City, tsallaken kogi.

Amfanin fulat a fili yake: ga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kusa, ga wurin aiki, ga maigadi, kuma ɗan haya ba ya wuyar samu. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, takardar mallaka kuma yawanci ta shekara 99 ce. Bene kuwa sau da yawa takarda ɗaya gare shi, da sunan wanda ya gina. Kai yarjejeniyar sayarwa za a ba ka, ita ma sai an nemi amincewar gwamna. Ka ɗauki lauya ku je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar Kaduna, a binciki fayil ɗin, domin idan an jinginar da filin a banki, naka ɗakin ma yana ciki. Ka kuma nemi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka ƙirga hawa nawa aka amince. Idan uku aka rubuta kana ganin huɗu, ka kama gabanka.

Sai kuɗin hidima, wanda dillalai ba sa son a taɓo. Ruwa ba ya hawa sama sai da famfo, famfo sai da wuta. In an ɗauke, wa ke sayen man janareta? Rufi ya yi yoyo, na sama kaɗai zai biya ko kowa? Ka tabbata kana da mitarka kai kaɗai. Mazaunan benen za ka tambaya, ba mai sayarwa ba.

A ganina fulat ya fi dacewa da ma'aikaci mai ƙaramin iyali, ko mai neman abin sa haya. Mai iyali da yawa ya tuna babu tsakar gida, babu inda za a ɗaure ragon layya, Hajiya kuma gwiwarta ba za ta ɗauki matakala kullum ba. Ranar rabon gado ma, gidan ƙasa ana iya ja masa katanga a raba, fulat sai dai a sayar.

Filin bayan gari ya fi sauƙin kuɗi, amma rijiyar burtsatse, katanga da zirga-zirga duk a wuyanka suke. Kowanne ka zaɓa, ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, musamman in yana kusa da kogin Kaduna, kamar wajen Kigo Road.